Ƙudan da ya faɗa cikin na'ura: bizar intanet da darasin fim ɗin Brazil

Ranar 31 ga Disamba 2024 wa'adin katin nan na roba ya ƙare, wato BRP, wanda mu baƙi mazauna Birtaniya muka daɗe muna lallaɓawa a cikin jaka kamar ƙwai. Yanzu izinin zamanmu ya koma cikin kwamfutar Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida. In za ka kama aiki ko hayar gida, sai ka shiga intanet ka ciro wata lamba mai aiki na kwana 90, ka miƙa wa mai gidan ko mai aikin, shi kuma ya je ya duba abin da kwamfuta ta ce a kanka. Abin da ta ce shi ne kai. In ta nuna hoton wani a gefen sunanka, to ranar sai dai haƙuri.

Wannan fa ba tsoratarwa ba ce. A watan Maris na 2024 jaridar Guardian ta fitar da rahoto cewa kurakurai a rumbun bayanan ma'aikatar sun shafi mutane fiye da 76,000: wani an liƙa masa sunan wani, wata an sa mata hoton wata, wasu an cakuɗa tarihin zamansu da na mutanen da ba su taɓa gani ba. Sai kuma ga Firaminista Keir Starmer a watan Satumba na 2025 ya sanar da shirin katin shaida na waya don tantance masu izinin aiki. Ƙasar ta ɗau zafi, mutane kusan miliyan 3 suka sa hannu a takardar ƙin amincewa, kuma kusan duk wanda ya buɗe baki sai ya ambaci George Orwell da littafinsa 1984, mai labarin gwamnatin da idonta ke kan kowa dare da rana.

A ganina an ɗauko misalin da bai dace da mu ba. Gwamnatin da Orwell ya zana ta iya aikinta. In ta zo kama ka, ta san kai take nema. Abin da ya fi yi wa baƙo barazana shi ne gwamnatin da ke kallon kowa amma idon nata da yana, ga shi kuma babu wanda zai yarda ta yi kuskure. Wannan kuwa finafinan barkwanci ne suka fi kowa iya nuna shi, irin waɗanda za ka yi ta dariya, sai an gama ka lura ranka a ɓace yake. Babbansu shi ne Brazil.

Labarin Buttle da Tuttle

Brazil ya fito a 1985. Terry Gilliam ne ya ba da umarni, haifaffen Amurka da ya koma Birtaniya da zama, ɗaya daga cikin 'yan wasan barkwancin nan na Monty Python. Sunan fim ɗin kada ya ruɗe ka, labarin ba shi da alaƙa da ƙasar Brazil. Yana faruwa ne a wani birni marar suna, mai cike da bututu da fom da injinan da ba sa aiki yadda ya kamata.

Wani ma'aikaci a ofis ya kashe ƙuda. Ƙudan ya faɗa cikin na'urar da ke buga takardun kame, harafi ɗaya ya canza, Tuttle ya koma Buttle. Shi Tuttle, wanda Robert De Niro ya fito a matsayinsa, mai gyaran bututun ɗumama gida ne, kuma laifin da ya sa hukuma ke nemansa ruwa a jallo shi ne yana yi wa mutane gyara ba tare da cike fom ba. Buttle kuwa bawan Allah ne mai gyaran takalma, yana zaune da matarsa da 'ya'yansa ana shirin Kirsimeti. Jami'ai suka fasa rufin ɗakin suka diro, suka zura shi cikin buhu, sannan wani mai kwat ya miƙa wa matar takarda ta sa hannu, ya ba ta rasit na mijinta, shi ma ya riƙe rasit na rasit ɗin.

Buttle ya mutu a wajen tambayoyi, domin yana da ciwon zuciya, fayil ɗin da ke gaban mai azabtarwar kuwa na Tuttle ne, babu ciwon zuciya a ciki. A wannan ƙasa wanda aka kama shi ke biyan kuɗin tambayoyin da aka yi masa, don haka an cire kuɗin daga asusun Buttle. Abin da ya tayar wa ma'aikatar hankali shi ne lissafi ya ƙi daidaita, ga cek na mayar da kuɗi yana yawo, kowane sashe na tura wa wani, shugaban ofis yana tsoron ko sa hannu a kai. Mutuwar mutumin ba ta hana kowa barci ba. Sai wani ƙaramin ma'aikaci, Sam Lowry, ya ɗauki cek ɗin ya kai wa matar har gida, tana tambayarsa ina gawar mijinta, shi yana nuna mata inda za ta sa hannu.

Akwai mutum biyu a fim ɗin da ban taɓa mantawa da su ba. Ta farko Jill, maƙwabciyar su Buttle, wadda ta je ta kai rahoton cewa an kama wanda ba shi ba. Aka yi ta wasan ƙwallo da ita daga wannan tebur zuwa wancan, wannan ya ce sai da hatimin wancan, daga ƙarshe naciyarta ta sa aka rubuta sunanta cikin waɗanda ake zargi. Na biyu Jack, mai azabtarwar, wanda Michael Palin ya fito a matsayinsa: mutum mai fara'a, mai son iyalinsa, 'yarsa ƙarama na wasa a ofis yayin da yake wanke jini daga hannunsa. Hujjarsa ita ce shi bai yi kuskure ba, wanda aka kawo masa a matsayin Tuttle shi ya yi wa aiki. In akwai laifi, na sashen da ya kawo shi ne. Laifi tudu ne, in ji masu magana, kuma a wannan ma'aikata kowa yana tsaye a kan nasa.

Daga Habana zuwa Dakar

Gilliam ba shi ya fara ba. A 1966 Tomás Gutiérrez Alea na Kyuba ya yi fim mai suna La muerte de un burócrata, wato mutuwar wani ma'aikacin ofis. Wani ma'aikaci abin koyi ya rasu, abokan aikinsa suka karrama shi ta hanyar binne shi da katin aikinsa. Matarsa ta je neman fansho, aka ce sai da katin. Ɗan'uwansu ya nemi izinin tono kabari, aka hana shi, sai ya tono a ɓoye. Da ya zo mayar da gawar, hukumar maƙabarta ta ce ba za a binne mutumin da takarda ta nuna yana cikin kabari ba. Haka gawa ta zauna a gida ana ta sayo ƙanƙara.

Wanda ya fi taɓa mu masu aika kuɗi gida shi ne Mandabi na Ousmane Sembène, 1968, da harshen Wolof. Wani magidanci a Dakar, Ibrahima Dieng, ɗan'uwansa mai sharar titi a Faris ya aiko masa da takardar karɓar kuɗi ta gidan waya. Gidan waya suka ce sai da katin shaida. Masu katin shaida suka ce sai da takardar haihuwa da hoto. Masu takardar haihuwa suka ce sai ya faɗi ainihin ranar da aka haife shi. Kafin nan labari ya karaɗe unguwa cewa Dieng ya yi kuɗi, masu roƙo da masu bashi sun yi layi a ƙofar gida, alhali mafi yawan kuɗin ma ajiya ce ta mai aikowa. A ƙarshe wani ɗan boko da ya ce zai taimaka shi ya cinye. Duk wanda ya taɓa aika wa tsohuwarsa kuɗi aka ce sunan da ke katinta bai yi daidai da na takardar ba, ya san fim ɗin nan ko bai kalle shi ba.

Masu son finafinan Indiya kuma suna da Kaagaz na 2021, wanda aka gina a kan labarin gaskiya na Lal Bihari, mutumin jihar Uttar Pradesh da ya je neman bashin banki aka shaida masa cewa a rajistar gwamnati ya mutu, domin wani danginsa ya ba da cin hanci an rubuta haka don a cinye gonarsa. Ya yi shekara da shekaru yana tsaye da ƙafafunsa a gaban jami'ai yana cewa ga ni da rai, har takarar zaɓe ya shiga don a tilasta wa hukuma ta ambaci sunansa. Sai a 1994 aka mayar da shi cikin masu rai.

Kyuba ta gurguzu, Senegal bayan mulkin mallaka, Indiya, da birnin Gilliam: tsarin siyasa daban-daban, cuta iri ɗaya. Mutum yana tsaye a gabanka, takarda tana faɗin wani abu daban, sai ka gaskata takardar. Dole abin ya ba da dariya, domin babu mai hankalin da zai yi haka shi kaɗai. Sai an haɗu an zama ma'aikata.

Da fim ya zama labaran ƙarfe takwas

Shekaru goman da suka wuce sun nuna cewa masu finafinan nan ba su yi ƙari ba.

A ɗauki badaƙalar Windrush da ta fashe a 2018. Mutane ne da suka shigo Birtaniya daga ƙasashen rainon Ingila kafin 1973, yawancinsu daga Karebiyan, har da na Afirka ta Yamma, da yawa suna yara a kan fasfon iyayensu. Doka ta ba su izinin zama, amma ba a ba su takarda ba. A 2010 ma'aikatar ta lalata katunan sauka da ke nuna ranar shigowar dubbansu. Bayan nan aka kawo dokokin 2014 da 2016 da suka ɗora wa masu gidajen haya da bankuna alhakin duba takardun mutane, suka kuma tsaurara wanda ke kan masu ɗaukar aiki. Sai ga tsoho mai shekara 60 da ya yi makaranta a nan, ya yi aiki, ya biya haraji, ana ce masa ya kawo hujjar kowace shekara da ya yi a ƙasar. Wasu suka rasa aiki, wasu gida, wani aka ce ya biya fam 54,000 kafin a yi masa maganin cutar daji, kuma aƙalla mutum 83 aka fitar daga ƙasar bisa kuskure. Sakatariyar cikin gida Amber Rudd ta sauka a watan Afrilu na wannan shekara.

Sai badaƙalar gidan waya. Daga 1999 zuwa 2015 an yanke wa masu riƙe da ƙananan rassan gidan waya fiye da 900 hukunci a kan sata ko maguɗin lissafi, saboda wata manhaja mai suna Horizon ta kamfanin Fujitsu tana nuna giɓin kuɗin da babu shi. In mutum ya buga waya ya yi ƙorafi, sai a ce masa shi kaɗai ke da wannan matsala. Wasu sun sayar da gidajensu sun biya bashin da ba su ci ba, wasu sun yi zaman kurkuku, kuma rahoton kwamitin bincike na Yuli 2025 ya ce mai yiwuwa aƙalla mutum 13 sun kashe kansu a dalilin haka. Wani abu da ya kamata kowa ya sani: a dokar Ingila, kotu tana ɗauka cewa kwamfuta na aiki daidai sai in an kawo hujjar akasin haka. Wato mai kanti a ƙauye shi zai tabbatar da cewa manhajar babban kamfani ta yi ƙarya, alhali bayanan duk suna hannun kamfanin.

A Holan hukumar haraji ta zargi iyaye kusan 26,000 da zamba a kuɗin tallafin rainon yara, ta ce su mayar da dubban yuro. Daga baya ta bayyana cewa samun shaidar zama ɗan ƙasa biyu yana cikin abubuwan da tsarin ke ɗauka a matsayin alamar rashin gaskiya, don haka iyalan baƙi suka fi shan wuya. Gwamnatin Mark Rutte gaba ɗayanta ta yi murabus a Janairu 2021. A Ostareliya kuma tsarin da aka yi wa laƙabi da Robodebt ya riƙa raba kuɗin shigar mutum na shekara daidai-wa-daida a kan makonni, ya ƙirƙiro bashi a kan dubban ɗaruruwan masu karɓar tallafi, ya ce su kawo tsofaffin takardun albashi su wanke kansu. Kotu ta gano lissafin ya saɓa wa doka.

Duba su duka huɗun, za ka ga ƙafa uku suke tsaye a kai. Na farko, an ɗauka na'ura ko fayil ba ya ƙarya. Na biyu, an juya nauyin hujja, wanda aka zalunta shi zai tabbatar da cewa an zalunce shi. Na uku, aikin an yayyanka shi gunduwa-gunduwa yadda babu mutum ɗaya mai suna da za a nuna a ce kai ne. Wannan shi ne Brazil daga farko har ƙarshe.

Me ya sa mu ne a sahun gaba

Buttle da Tuttle harafi ɗaya ya raba su. To mu fa? Muhammad ɗaya yana iya zama Mohammed a fasfo, Muhammed a takardar jarrabawa, Mohd a banki, in daga Maraɗi ko Damagaram yake kuma Mahamadou. A'isha tana zama Aisha, Aishat, Aishatu ko Aïchatou. Masu suna Sa'adatu da Ja'afar da Mu'azu sun san yadda wasu fom na intanet ke tofar da 'yar alamar nan ta tsakiyar suna. Da yawanmu ba mu da sunan dangi irin na Turawa. Wani da sunan uba yake amfani, wani da na kaka, wani da sunan garinsu, kuma yaya da ƙane uwa ɗaya uba ɗaya kowa da abin da malamin firamare ya rubuta masa. Ga iyayenmu da ba a rubuta ranar haihuwarsu ba, aka ba su 1 ga Janairu. Ka tara masu suna Abubakar Muhammad da aka ce an haife su 1 ga Janairu, ka ba kwamfuta ta bambance su. Ai ba sai ƙuda ya faɗa ba.

A gida ma ba a tsira ba. Tun da aka wajabta haɗa lambar NIN da layin waya a ƙarshen 2020, har aka toshe kiran layuka fiye da miliyan 70 a Afrilu 2022, mutane suka san cewa harafi ɗaya tsakanin NIN da BVN da fasfo yana iya hana ɗalibi rajistar JAMB, ya hana tsoho fansho, ya hana na waje sabunta fasfo. Wanda ke Landan ko Jidda ko Kumasi yana tsakanin kwamfutoci biyu ne, ta ƙasar da ya baro da ta ƙasar da yake, kuma kowace tana son ɗayar ta yarda da ita harafi da harafi.

Mu ma'aikatan jinya mun ga wani salon abin a 2023, lokacin da hukumar rajistar ma'aikatan jinya ta Birtaniya, NMC, ta soke sakamakon jarrabawar kwamfuta ta mutane kusan 2,000 da suka zauna a wata cibiya a Ibadan. Babbar hujjar ita ce lokaci: bayanai sun nuna wasu sun gama jarrabawar cikin saurin da ya wuce hankali, alamar wani ne ya zauna musu. Ba na shakkar an yi maguɗi a wurin, kuma ba na son wanda bai san aiki ba ya riƙe allura a kan majinyaci. Amma tsarin da ke kama mai laifi ta hanyar lissafi dole ya haɗa da wanda Allah ya yi wa saurin fahimta, kuma tambayar ita ce wace ƙofa aka bar wa wannan ya shiga ya wanke kansa, kuma wata nawa zai yi ba albashi kafin a saurare shi.

Abin da asibiti ya koya

Akwai wurin da aka daɗe da sanin cewa ƙuda na faɗawa cikin na'ura, shi ne asibiti, domin a wurinmu kuskuren suna yana kisa cikin mintuna. Shi ya sa kowane majinyaci ke da ɗan abin hannu na roba mai sunansa da ranar haihuwarsa da lambarsa. Kafin in ba da magani ba na cewa "kai ne wane?", domin mai jin jiki ko mai nauyin kunne zai ce e ga kowane suna. Cewa nake "faɗa mini sunanka da ranar haihuwarka", in gwada da abin hannunsa, in gwada da takardar magani. In ƙarin jini ne, a gefen gadon ake tantancewa, jakar jinin a hannu, majinyacin a gaba. In aka kwantar da masu suna iri ɗaya a ɗaki ɗaya, akwai alamar gargaɗi da ake liƙa wa fayilolinsu. In kwamfuta ta ce abu kaza, majinyaci ya ce a'a, ni ban taɓa shan wannan ƙwayar ba, to tsayawa ake a bincika. Maganarsa hujja ce.

Sannan akwai dokar faɗin gaskiya da aka kafa a Ingila a 2014, bayan rahoton Robert Francis na 2013 a kan abin da ya faru a asibitin Stafford. In an yi kuskuren da ya cutar da majinyaci, wajibi ne a gaya masa ko iyalinsa, a ba da haƙuri, a rubuta. Ba na cewa asibitoci sun zama na mala'iku. Ana ɓoye-ɓoye har gobe. Amma ƙa'idar da aka gina aikin a kai ita ce kuskure zai faru, don haka a tanadi hanyar kama shi da wuri. Tsarin shige da fice da na tallafi da na haraji an gina su ne a kan cewa mutum zai yi ƙarya. Wanda ya fara da zaton kuskure yana tambayar mutum; wanda ya fara da zaton ƙarya yana tambayar fayil.

Kuma kada mu ma'aikata mu ɗauka kullum mu ne Buttle. Da yawanmu a nan muna zaune ne a kujerar Sam Lowry: a asibiti, a gidan kula da tsofaffi, a banki, a ofishin ƙaramar hukuma, a wurin gadi. A farkon 2017 aka bayyana wata yarjejeniya da ta ba Ma'aikatar Cikin Gida damar neman adireshin marasa lafiya daga rumbun bayanan NHS don farautar waɗanda takardunsu suka ƙare. Likitoci da ma'aikatan jinya da ƙungiyoyi suka yi ta faɗa cewa hakan zai sa mai tarin fuka ko mai juna biyu ta ƙi zuwa asibiti, har gwamnati ta ja da baya a 2018. Adireshin da aka riƙa miƙawa, wani ma'aikaci mai fara'a ne ya karɓe shi a teburin karɓar baƙi, da kyakkyawar niyya. Jack na cikin fim ba dodo ba ne, mutum ne da ya yarda cewa iyakar aikinsa ita ce iyakar alhakinsa.

To a koma takarda ke nan?

A'a. Wanda ya taɓa bin fayil a sakatariya, aka ce masa ya ɓata, sai ya ba da na goro fayil ɗin ya fito, ba zai yi kewar zamanin takarda ba. Mutanen Windrush rashin rajista ne ya kashe su. Da an adana bayanansu da kyau da ba a taɓa su ba. Katin roba yana ɓata, ana sace shi, ana buga na jabu, kuma mugun mai gida ko mugun miji yana iya ƙwace shi ya riƙe mutum da shi, abin da 'yan'uwanmu masu aikatau a ƙasashen Larabawa suka sani sarai game da fasfo. Bizar intanet ba a ƙwace ta haka. Gwamnati tana da gaskiya a nan.

Don haka gardamar a karɓi na'ura ko a ƙi ta ɓata lokaci ce, na'ura ta riga ta zo. Tambayoyin da ya kamata mu riƙa yi wa duk wani sabon tsari, a Landan ne ko a Abuja ko a Yamai, guda uku ne. In ya yi kuskure a kaina, wa zan je wurinsa, mutum mai suna da lambar waya, kuma cikin kwana nawa doka ta tilasta masa ya gyara? Kafin a gyara, wa zai ɗauki asarar, ni da aka hana aiki ko hukumar da ta yi kuskuren? Sannan ina da wata shaida a hannuna da za a karɓa ranar da intanet ta ɗauke ko shafin ya ƙi buɗewa, ina tsaye a filin jirgin Kano ma'aikacin jirgi yana jira? Duk ɗan siyasar da ya zo neman ƙuri'a a masallaci ko taron ƙungiya, waɗannan za a tambaye shi.

Kafin su amsa, akwai abin da ke hannunmu. Ka shiga asusun bizarka yau, kada ka bari sai daren tafiya; ka duba suna da hoto da ranar haihuwa, ka tabbatar fasfon da ke hannunka shi ne a liƙe, musamman in ka sabunta shi. Tsohon katinka da wasiƙun da aka aiko maka da takardun albashi da na haya, ka adana su, ka ɗauki hotonsu. Darasin Windrush ke nan. A Birtaniya doka ta ba ka damar neman kwafin bayanan da wata hukuma ke riƙe da su a kanka, kyauta, kuma a ƙa'ida cikin wata ɗaya za a ba ka amsa, kana kuma da damar neman a gyara abin da ba daidai ba. In abu ya cije, ɗan majalisar mazaɓarka yana da hanyar tuntuɓar ma'aikatar da kai ba ka da ita. Iyaye kuma, a nan da gida, a zaɓi rubutun suna ɗaya tun daga takardar haihuwa a tsaya a kansa, ko da malamin makaranta ya ce nasa ya fi kyau.

Abu na ƙarshe, kada wanda abin ya faɗa wa ya yi shiru don kunya. Masu gidan waya sun yi shekaru kowa na zaton shi kaɗai ne, sai da Alan Bates ya tara su, su 555 suka shiga kotu tare suka yi nasara a 2019. Duk da haka yawancin hukunce-hukuncen suna nan daram, har sai da tashar ITV ta nuna wasan kwaikwayo a kan labarinsu a Janairu 2024, jama'a suka fusata, majalisa ta yi dokar soke hukuncin a watan Mayu. Shi kansa Brazil sai da Gilliam ya yi rigima da kamfanin Universal, wanda ya so a yanke ƙarshen fim ɗin a mayar da shi mai daɗi, ya kai ga sayen shafi a mujallar Variety yana tambayar shugaban kamfanin yaushe zai saki fim ɗin. Gilliam ya yi nasara, fim ɗin ya fita da ƙarshensa mai ɗaci: Sam a ɗaure a kujerar azaba, hankalinsa ya gushe, yana murmushi. In ka samu dama ka kalle shi, amma ba da yara a ɗakin ba. In kuma ka taɓa ganin hoton wani a asusunka, ko harafi ɗaya ya taɓa tsayar maka da albashi, ka faɗa wa ƙungiyarku, a rubuta, a tara. Ɗaya-ɗaya ake ce wa mutane su kaɗai ne.